Ruwan Tukunya da Furen Inna

Shekara uku Katell ta yi tana yi wa yayarta ƙarya ɗaya tak, kuma ba a kan wani babban abu ba, a kan fure. Duk Lahadi bayan an ci abincin rana yayar, Gwenola, kan bugo waya daga garinsu na bakin teku, can yankin Bretagne na ƙasar Faransa. Su taɓa hirar ciwon gwiwa, su bi ta kan wanda ya rasu da wanda ke shirin bin sa, sai in za a ajiye waya ta ce, "Ya furen Inna?"

"Lafiya lau," in ji Katell. "Shuɗi shar, yadda kika san shi."

Alhali ko kusa.

Furen nan hortensiya ne. Layi guda mahaifiyarsu ta dasa a gidan da aka haife su, tun daga bakin ƙofa har bayan gida, in watan Yuli ya kama sai ka rantse shuni aka kwara wa katangar. Da Inna ta rasu aka sayar da gidan, waɗanda suka saya kuwa suka kawo katafila, wai wurin ajiye mota suke so. Gwenola ta jira masu aiki suka tashi, ta je da shebur ta tono kututture ɗaya da ya tsira, ta naɗe shi a jiƙaƙƙen buhu, ta ba wani direban motar kifi mai zuwa gabas. Ita a hawa na huɗu take zaune, duk ƙasar da ta mallaka ba ta wuce 'yar tukunyar na'ana'a a taga ba. A takardar da ta ɗaura wa buhun ta rubuta: Ke ce mai ƙasa.

To, ƙasa kam akwai ta, sai dai irin ta wannan gari namu ce. Ka tona taƙi biyu ka ci karo da alli fari fat, daga nan har inda rijiya ta tsaya alli ne. Inabi na son sa, shi ya sa duk tudun nan gonakinsa ne. Amma furen Inna bai so shi ba. Shekarar farko ya fito ruwan hoda, kamar rigar jaririya. Ta biyu ya sake, ganyensa kuma ya soma rawaya. Ta uku da ƙyar ya ba da kai huɗu. Mai shagon kayan lambu ya ce mata ƙasa mai tsami yake so, alli kuwa kashe tsami yake yi. Babu abin da ba ta gwada ba. Ta zuba tukar kofi, ta binne tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa, ta daka fallen dutsen rufin ɗaki ta barbaɗa yadda ta ga ana yi a garinsu. Furen ya yi kamar bai san tana yi ba.

Me ya hana ta faɗa tun farko? Ita ma ta sha tambayar kanta. Shekara arba'in da shida ke nan da ta bi mijinta Hubert zuwa nan, ta bar Gwenola da hidimar Inna har ranar da aka rufe mata ido. Ba a taɓa yi mata gori ba, ko sau ɗaya, kuma wannan shirun ya fi gori nauyi. Abu ɗaya aka ba ta ta riƙe. Sai ta ga in ta ce ya rikiɗe a hannunta, kamar ta ce ita ma ta rikiɗe ne.

Ana nan, wata Lahadi a watan Oktoba, Gwenola ba ta bi ta kan gwiwa ba.

"Na je wajen likitan ido," ta ce. "Tsakiyar ganin ne ke mutuwa. Gefe-gefe zai ɗan jima. Ya ce in akwai abin da nake son kallo, kada in bari sai baɗi waccan."

"Yaya..."

"Kar ki fara min kuka, ban mutu ba. Tunda kin ce ya yi shuɗi, zan zo in gani. Yuli. Ki gaya wa mijinki ya nemo man shanu na mutane."

Sau ɗaya Gwenola ta taɓa taka garin nan, ranar ɗaurin auren, ta ɗanɗana man shanunmu ta ji babu gishiri, ba ta sake dawowa ba. Katell ta ajiye waya ta zauna, hannu a cinya. Hubert na can gefe yana ɓare gyaɗar kurmi da 'yar wuƙarsa. Shekara arba'in ya yi yana aiki a gonakin inabi da rumbunan ƙarƙashin ƙasa, ya saba da wuraren da ba a yawan magana.

"Ki faɗa mata mana," ya ce.

"Yanzu? Bayan shekara uku?"

"To ki saya masa fenti."

Ba ta ko kalle shi ba.

Cikin Nuwamba Nadège ta zo duba tukunyar ɗumama gida, injin nan mai dafa ruwa da ke ɗakin ƙasa, kamar yadda takan zo kowace shekara kafin sanyi ya kankama. Mace ce kakkaura mai dariya, ta gaji sana'ar daga mahaifinta, rabin ɗakunan ƙasa na garin ta san su fiye da masu su. Katell ta bi ta ƙasa da kofi, ta tsaya tana kallo.

"Madam, kin tsaya a kaina kamar mai koyon aiki. Ko in miƙo miki sifana?"

"Wancan farin bututun nake kallo. Yoyo yake yi?"

"Aikinsa ke nan. Tukunyar zamani ce, rowa gare ta, ko hayaƙi ba ta bari ya tafi da zafinsa. Tatse shi take yi, tururin ya koma ruwa, ya gangaro nan ya bi kwata."

"Ruwa ne sosai?"

"A ido. Amma da tsami, kamar ruwan tumatir, wataran har ya fi. Ba ki ga na roba ba ne bututun? Da ƙarfe ne da tuni ya ci shi."

Katell ta ajiye kofin a kan matakala a hankali. Shekara nawa abin da take nema yana ɗiga a ƙarƙashin ƙafarta, yana bin kwata. Ta kwashe labarin furen ta faɗa, har da ƙaryar, abin da ba ta taɓa gaya wa kowa a garin ba. Wataƙila don a ɗakin ƙasa ne, kuma Nadège ta ba ta baya tana kwance wani noti.

"Ni ba mai lambu ba ce," in ji Nadège da ta gama ji. "Abin da na sani zan faɗa miki. Ba a sha. Ba a zuba wa latas ko wani abin da za ki kai baki. Kada ki tara shi a bokitin ƙarfe. Ki riƙa sirka shi da ruwan sama. Kuma da ni ce, a tukunyar shuka zan dasa furen, in huta."

"Furen Inna bai taɓa zama a tukunya ba. Don ina da ƙasa aka aiko min shi."

"To, ke da ƙasarki."

Ta yanke bututun, ta saka shi a bakin jarka, ta yi masa wata hanya ta gefe don in jarkar ta cika ruwan ya koma kwata. "In ba haka ba ya toshe, tukunya ta tsaya, ku daskare, ni kuwa ranar Lahadi ba na ɗaga waya ko ta limamin coci." Sannan ta ciro wasu 'yan siraran takardu daga akwatinta. "Ki tsoma ɗaya. In ta yi ja, da tsami. In ta yi kore, ruwa ne kawai."

Bayan kwana biyu Katell ta tsoma ɗaya a jarkar farko, ta fito ja. Ta daɗe tana kallon ta. Ta jefa sauran a aljihun teburin kicin, wajen su zare da tsofaffin makullai, hankalinta kwance.

Sanyin bana ya yi sanyi. Duk kwana uku jarka ta cika, Hubert ya hauro da ita yana nishi, don gwiwar Katell ba ta son matakala. Sai dai ga matsala: lokacin da tukunya ke ba da ruwa, lokacin fure ke barci, sanduna ne kawai a tsaye cikin dusar ƙanƙara. Lokacin da zai farka da ƙishi kuwa an kashe ɗumama. Dole a tara. Suka tara jarka shida, suka ari uku, ɗakin ƙasa ya cika har Hubert ya yi tuntuɓe da ɗaya ya kusa fasa goshi.

"'Yar teku," ya ce, haka yake kiran ta in yana son tsokana, "kin rasa teku kin zo ki gina wani a ƙarƙashin gidana."

"Kawo wata dabarar in kana da ita."

"Akwai kwamin Kaka."

Kwamin na bayan rumbu, na dutse, dogo, mutum zai kwanta a ciki ya miƙe ƙafa. Kakansa Anatole ne ya sassaƙa shi da hannunsa don shan ruwan dawakan noma, ya kuma rubuta sunansa da shekarar a bangon ciki, inda ruwa ke rufewa, wai don dawakan su riƙa tuna mai ba su abinci duk sanda suka sunkuya. Dawakai sun daɗe da ƙarewa, kwamin na nan. Hubert bai taɓa bari an dasa ko albasa a ciki ba.

Katell ta je ta duba. Ba ƙarfe ba ne, abin da aka hana ke nan. A garinsu kwamin dutse shekara ɗari uku yake yi teku na dukan sa bai san an yi ba. A wajenta dutse dutse ne. Shi kuwa Hubert tun yana rarrafe yake ganin kwamin, bai taɓa kallon sa a matsayin wani irin dutse ba, kwamin Kaka ne kawai. Ta ma ji daɗi a ranta, ta ga mutumin ya ba da abin da ya fi so. Ya wanke shi tas, ya toshe ramin gindi, suka juye jarkokin, ya rufe da katakai. Haka suka yi ta yi, Disamba, Janairu, Fabrairu. Wani lokaci Katell kan fita da mayafin ulu ta ɗaga katako ɗaya ta leƙa, ta ga ruwa na hawa, ta koma ciki da sauƙin zuciya. Lahadi kuwa in an tambaye ta, sai ta ce, "Yana barci. Sai kin zo." Wannan ai ba ƙarya ba ce.

Tsakiyar Maris idanun furen suka kumbura. Ranar da za a fara ban ruwa Hubert ya kwashe katakan duka, rana ta faɗa cikin kwamin. Ruwan garau, amma a gindi akwai wani farin laka kamar kunun da ya kwana. Ya naɗe hannun riga ya zura hannu. Ya shafa bangon ciki, ya sake shafawa, sama da ƙasa, kamar mai neman makunnin fitila a ɗakin da ba nasa ba.

"Mene ne?" ta ce.

Ya matsa mata gefe. Ta sunkuya ta duba. Bangon ya yi laushi, ya yi ƙananan ramuka. Inda sunan yake, harafin farko ne kawai ya rage, shi ma sai wanda ya san yana nan. Shekarar ta tafi gaba ɗaya.

Ta koma kicin ta birkice aljihun tebur, ta zo da takardun. Ta tsoma ɗaya. Kore. Ta tsoma wata a can ƙarshen kwamin. Kore. Ruwan wata uku, duk hawa da saukar matakalar nan, ya koma ruwa kawai. Kwamin daga allin tudun nan aka sare shi. Tsamin ya ci dutsen, dutsen ya shanye tsamin, kowa ya kashe kowa, a hankali, a ƙarƙashin katako, suna ciki suna shan miya.

Suka zauna a bakin kwamin. Hannun Hubert na ɗiga, fari da alli.

"Hubert, ka yi haƙuri. Ni na jawo."

"Ni na ce a zuba." Ya goge hannun a wando. "Shekara saba'in da uku ina zaune a kan alli, a ce ban san alli ba. Da Kaka na nan da ya ce dawakan sun fi ni kai."

Ta so ta yi dariya, ba ta fito ba. Tana kallon farin lakar sai wani abu ya faɗo mata, wanda ya fi asarar ruwan ciwo. Abin da kwamin ya yi, shi lambun zai yi. Shi duk garin zai yi. Ko kogi ta juye a gindin furen nan, allin da ke ƙasa ya fi kogin yawa, zai shanye ya jira wani. Ashe tun farko da tudu guda take faɗa, da jarka. Ta tuna shekarunta na farko a nan, yadda takan sa a kawo mata gishirin teku da garin baƙar alkama, yadda ta rantse harshenta ba zai juya ba. Yanzu in ta je gida 'yan kasuwa tambayar ta suke yi daga ina baƙuwa.

"Nadège ta faɗa min," ta ce. "Tukunya."

"Ba tukunya ba." Ya tashi. "Ina da ganga."

Tsohuwar gangar katako ce ta ruwan inabi, ya raba ta biyu da zarto. Ya ɗauki amalanke ya hau dajin kan tudu, inda alli bai kai ba, ya yi sawu biyar yana kwaso baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓen ganye. Suka tone furen, Katell ta wanke saiwoyin ɗaya bayan ɗaya da ruwan sama kamar mai yi wa jariri wanka, suka dasa. Sai ta ce a binne gangar a rami har baki, a rufe da ganye.

"Don kada a gane ganga ce?" in ji Hubert.

"Don sanyi."

"A watan Afrilu. To."

Saura ruwa. Sanyi ya kusa ƙarewa, jarkar da ke cika a kwana uku ta koma mako. Nan fa garin ya ga abin da bai taɓa gani ba. Hubert, mutumin da in ka ce masa kana jin sanyi zai ce ka ƙara riga, shi ne ya murɗa ɗumama har ƙarshe, ya buɗe tagogi, yana yawo cikin gida da singileti yana gumi. Mai kawo wasiƙu ya leƙo ya ce lafiya? Ya ce lafiya lau, fure muke shayarwa. Da Mayu ta shigo abin ya gagara, sai ya koma wanka da ruwan zafi safe da yamma, don tukunyar ta samu dalilin tashi.

"Tsoho, ko a makon aurenmu ba ka yi tsabta haka ba."

"A makon aurenmu ba a ce yayarki za ta shinshina ni ba."

Kofi biyu, kofi uku, abin da ya ɗiga ta sirka da ruwan sama ta zuba da yamma, kuma yanzu kowace jarka sai ta tsoma mata takarda. Furen ya amsa. Sabon ganye ya fito kore shar, ba rawaya ko ɗaya. Kawuna tara ya ɗaura. Katell kan fita tun da safe da tabarau ta duba su, suna kore-kore, ba su nuna inda suka dosa ba.

Ƙarshen Yuni suka buɗe. Ba ruwan hoda ba ne. Ba kuma shuɗi ba ne. Wani launi ne a tsakani, shunayya mai duhu-duhu, wani kan ya fi karkata nan, wani can, guda ɗaya ma rabi da rabi, kamar wanda aka tambaye shi garinsu ya rasa amsa.

Ranar Asabar kafin zuwan Gwenola, Katell ta je kasuwa. Ga mai furanni ya jera hortensiya a tukwane, shuɗi shar, irin wanda take faɗa a waya. Ta tsaya. Ba wuya: a tone wancan a kai bayan rumbu, a sa wannan a ganga. Mai ido biyu ma ba lalle ya gane ba, balle wadda tsakiyar ganinta ya tafi. Wannan tunanin ne ya sa ta ji kunya har wuyanta ya yi zafi. Mai furanni ya ce, "Madam, a naɗe miki?" Ta ce a'a, kallo take yi. Ta sayi kifi ta koma gida.

Gwenola ta sauko daga jirgin ƙasa da sanda a hannu ɗaya, ɗaya hannun rungume da jaka. Ta rame, ta kuma koyi wani irin kallo, ta juya fuska gefe kamar kaza, ta dubi mutum da wutsiyar ido. Ta sumbaci ƙanwarta a kumatu, ta miƙa wa Hubert jakar.

"Riƙe da kyau, suruki, man shanu ne. Na san ba za ka nemo ba."

"Na nemo, Yaya."

"To a ba kare naka."

Ko zama ba ta yi ba da suka isa gida. "Kai ni," ta ce. Katell ta riƙe mata gwiwar hannu suka bi ta gefen rumbu, suka wuce kwamin, Hubert na biye a baya nesa kaɗan. Sandar na taɓa ƙasa, taf, taf, sai ta ce ƙwas. Gwenola ta tsaya, ta sake bugawa, ta ture ganye da kan sandar.

"Katako."

"Ganga ce," in ji Katell. Da ta ga ta fara, sai ta ƙarasa. "Yaya, bai yi shuɗi ba. Bai taɓa yi ba, ko sau ɗaya. Shekara uku ƙarya nake miki. Ruwan hoda ya yi ta yi, ya kusa mutuwa ma. Ƙasar nan ba ta karɓe shi ba. Bana mun yi iya yinmu, ga abin da ya bayar."

Gwenola ta matsa kusa. Ta ba ta sandar, ta durƙusa da ƙyar, ta tallabo kai ɗaya da tafin hannu biyu. Ta juya fuska dama ta dube shi, ta juya hagu. Ta murza ganye ta shinshina yatsunta. Ta daɗe.

"Shi ne," ta ce. "Launinsa ke nan."

"Yaya, ba sai kin lallashe ni ba."

"Yaushe na taɓa lallashin ki? Kin tuna na can ƙarshen layi, na bakin akurkin kaji?"

Katell ta dubi furen. Akurkin ta tuna, da ƙofarsa mai ƙara.

"Inda Inna ke watsa wa kaji dakakken ɓawon kawar teku, don ƙwansu ya yi ƙwari. Ɓawon nan ai shi ma alli ne. Shekara da shekaru tana watsawa a gindinsa. Duk layin shuɗi, shi kaɗai ya ƙi, haka yake fitowa, ba nan ba can. Inna har cewa take yi ɗan banza ne. To shi katafilar ta bari, don yana lungu. Shi na aiko miki." Ta saki furen. "Ke lokacin hankalinki na kan samari, ina za ki lura."

Katell ta zauna a kan ciyawa, gwiwa ko ba gwiwa. "Kin sani ke nan. Tun ranar farko."

"Da kika ce shuɗi shar na ce ko dai ƙasarku ta yi abin al'ajabi, ko ƙanwata ta soma ƙarya da tsufa. Kuma in za ki faɗa sauri kike yi, kamar mai tsallake kwata."

"Me ya sa ba ki ce komai ba?"

"Na ga kina buƙatar ta."

"To me ya kawo ki, tunda kin san babu shuɗin?"

Gwenola ta juya fuska gefe, ta kafe ta da wutsiyar ido, tun daga furfura har haɓa, a hankali, yadda ta yi wa furen.

"So kike in ce fuskarki na zo gani kafin ta ɓace min? A gidanmu ba ma irin wannan maganar. Tashe ni, ƙafata ta mutu."

Su biyu suka kasa tashi, sai da Hubert ya zo ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. A hanyar komawa Gwenola ta dafa kwamin don ta huta, hannunta ya faɗa ciki ya ji ramukan. Ta tambaya, aka ba ta labari, da jarkoki, da singileti, da wanka sau biyu a rana. Ta yi dariya har da tari. Sannan ta sa Hubert ya kama yatsanta ya ɗora a inda sunan yake. Ta bi harafin da ya rage, ta sake bi.

"Wa ya san sauran?"

"Ni," in ji Hubert.

"To kana da kurfi da guduma, me kake jira? Amma a waje wannan karon. Dawakan sun tafi."

Kwana tara ta yi. Da la'asar takan sa a kai mata kujera gaban gangar, Katell ta zauna a gefen da idon ya fi gani, daga bayan rumbu kuma ana jin ƙwas, ƙwas na gudumar Hubert. Ranar da za ta koma ta sa aka yanko mata reshe biyu, aka naɗe a jiƙaƙƙiyar jarida, wai za ta kori na'ana'ar daga taga.

Da Nuwamba ta zagayo Nadège ta zo duba tukunya, ta ga jarka a inda ta bar ta.

"Madam, in mayar da bututun kwata, ko har yanzu ana yaƙi?"

Katell ta ɗan yi tunani. Ganyen ya so ruwan, wannan kam ta gani da idonta.

"Bar shi," ta ce. "Furen na sha. Launin kuwa, wanda ya ga dama."

Lahadin da ta biyo waya ta yi ƙara bayan abincin rana. Aka yi gwiwa, aka yi wanda ya rasu. Can Gwenola ta ce, "Ya furen Inna?"

"Ya zubar da ganye. Saura uku, su ma sun yi baƙi a gefe."

"A hankali," in ji Gwenola. "Wane irin baƙi? Faɗa min sosai."

Katell ta ja wayar zuwa taga, ta gyara tabarau, ta fara faɗa.